Narkewar Maiƙo cikin Jini da Sha'anin Rukunonin HDL

Duk ma'aikacin da ya daɗe a ɗakin gwajin jini na asibiti ya san cewa idan aka ɗebi jinin mutum sa'a uku ko huɗu bayan ya tashi daga kan abinci mai maiƙo, aka zuba a kwalbar gwaji, aka juya ta a na'ura har jajayen ƙwayoyin suka kwanta a ƙasa, ruwan da ke tsayawa a sama ba ya fitowa garau, fatsi-fatsi, yadda yakan fito daga jikin wanda ya kwana bai ci kome ba, sai dai ya fito dishi-dishi, wani lokaci ma fari fat, har in an ajiye kwalbar cikin firiji ta kwana, da safe a tarar wani fari mai kauri ya taso ya yi mata rufi a bisa. Wannan farin kuwa ba wani abu ba ne illa maiƙon da mutumin ya ci, wanda hanji ya tsotse, ya ƙunshe shi ƙunshi-ƙunshi, ya sako cikin jini. Idan kuma aka koma ga mutumin nan bayan sa'a takwas ko goma, muddin lafiyayye ne, aka sake ɗibar jininsa, sai a tarar ya washe sarai. Ina maiƙon ya tafi, wa ya kwashe shi, me kuma ya bari a bayansa? A cikin amsar tambaya ta uku ne asirin wani adadi yake, wanda mutane da yawa ke karantawa a takardar sakamakon gwaji, su yi murna ko su shiga damuwa, alhali ba a faɗa musu daga ina ya samo asali ba, wato adadin HDL, wanda aka saba yi wa laƙabi da kolestarol mai kyau.

Asalin mas'alar shi ne maiƙo da ruwa ba sa cuɗanya, jini kuwa galibinsa ruwa ne, saboda haka da kitse zai shiga jijiya tsirara, da sai ya dunƙule ya toshe hanya. Hikimar da Mahalicci ya sanya ga jiki ita ce, duk maiƙon da za a yi safararsa sai an sa shi cikin waɗansu 'yan dunƙule-dunƙule waɗanda ido ba ya gani, ana ce da su lifofurotin, kowane yana da ciki yana da ɓawo. A ciki ake cusa abin da ba ya jituwa da ruwa ko kaɗan, wato tiraigiliseraid, wanda shi ne ainihin kitse da man da muke ci, da kuma kolestarol wanda aka ɗaure shi da wani yanki na maiƙo. Ɓawon kuwa siririn shimfiɗi ne na fosfolifid, wanda gefensa ɗaya ke son ruwa ɗaya ke son mai, da sakakken kolestarol, da waɗansu furotin da ke sanar da gaɓoɓin jiki ko wane dunƙule ne wannan da inda za a sauke shi. Wani masani Bafaranshe, Michel Macheboeuf, shi ya fara ware irin wannan dunƙule daga ruwan jinin doki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris cikin 1929, amma rarrabe su dangi-dangi bai tabbata ba sai da John Gofman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, ya shiga aikin wajen 1949 da wata na'ura mai juya kwalba sau dubbai masu yawa a minti guda, har kowane dangi ya taso ko ya nutse gwargwadon nauyinsa.

Mafi girma kuma mafi sauƙin nauyi shi ne kailomaikuron, wanda hanji ke yi bayan cin abinci, kusan kashi tara cikin goma nasa tiraigiliseraid ne, kuma shi ne farin nan da ke tasowa a kwalba. Mai bi masa VLDL, wanda hanta ke yi dare da rana, ko an ci ko ba a ci ba. Sannan LDL, wanda saura ne na VLDL bayan an sauke masa kaya. Ƙarami duka, mafi nauyi, shi ne HDL, wanda kusan rabinsa furotin ne, faɗinsa kuwa wajen nanomita goma, alhali babban kailomaikuron yakan kai nanomita dubu. Cikin 1954 Gofman da abokin aikinsa Oliver DeLalla suka nuna cewa shi kansa HDL ɗin ba jinsi ɗaya ba ne, yana da rukunoni, manyansu biyu: HDL2, wanda ya fi girma, ya fi maiƙo, nauyinsa tsakanin giram 1.063 da 1.125 a kowace mililita. Da HDL3, ƙarami, matsattse, daga 1.125 zuwa 1.21. Daga baya, cikin 1981, almajiran wannan makaranta ta Berkeley suka ƙara tsaga biyun nan zuwa biyar. Abin da aka lura da shi tun farko shi ne, yawan HDL3 bai cika bambanta tsakanin mutum da mutum ba, HDL2 ne ke hawa da sauka, shi ne ke da yawa ga mata, da siraran mutane, da masu motsa jiki, shi ne kuma ke ƙaranci ga masu tumbi da masu ciwon sukari. Dalilin wannan bai bayyana ba sai da aka haɗa shi da wani bincike dabam, wanda ya faro daga karnuka.

Cikin 1943 wani masani mai suna Paul Hahn, a Jami'ar Rochester, yana nazarin yawan jajayen ƙwayoyin jini a jikin karnuka, ba ya ko tunanin kitse, sai ya ƙara wa wani kare jinin da aka sa wa hefarin, maganin nan da ke hana jini daskarewa. Karen kuwa ya ci abinci mai maiƙo, ruwan jininsa fari ne. Da aka sake ɗiba bayan 'yan mintoci, sai ga shi ya washe. Hahn ya gwada zuba hefarin kai tsaye cikin farin ruwan jinin da ke kwalba, bai washe ba; sai an yi allurarsa cikin jijiyar dabba mai rai tukuna. Daga nan aka fahimci cewa ba hefarin ke narkar da maiƙon ba, akwai wani abu ɓoyayye a jikin dabbar wanda hefarin ke tsinkowa daga mazauninsa ya sako shi cikin jini. Shekara goma sha biyu ana kiran abin nan mai washe jini kawai, har 1955, lokacin da Edward Korn, a Cibiyar Nazarin Zuciya da ke Bethesda, ya ware shi daga zuciyar ɓera, ya tabbatar inzayim ne mai farfasa tiraigiliseraid, wanda a yau ake taƙaita sunansa da LPL.

Wannan inzayim ƙwayoyin kitse da na tsoka da na zuciya ne ke yin sa, amma ba a can yake aiki ba. Wani furotin, wanda Stephen Young da jama'arsa suka gano aikinsa a Los Anjelis cikin 2007, shi ke ɗauko shi ya ƙetarar da shi bangon siraran jijiyoyi, ya kafe shi a fuskar da jini ke bi. Da zarar kailomaikuron ko VLDL ya zo wucewa, sai a riƙe shi, inzayim da yawa su taru a kansa, su riƙa tsinka kowane tiraigiliseraid suna sakin sassansa, tsoka ta karɓa ta ƙona, ko kitse ya karɓa ya adana. Saurin aikin ya kai ga cewa rabin kailomaikuron da ya shiga jini yakan gushe cikin mintoci kaɗan. Jiki kuma yana da ma'auni na rabon wannan arziki: bayan cin abinci, insulin yakan ƙarfafa inzayim na kitse, a kuma rage na tsoka, don a yi ajiya, lokacin azumi ko yunwa sai al'amarin ya juya, a danne na kitse, maiƙo ya nufi tsoka da zuciya. Sai dai inzayim ɗin ba ya motsi sai da izinin wani ɗan furotin mai suna apoC-II, kuma a nan ne HDL ya fara shigowa labarin, domin Richard Havel da abokan aikinsa a San Faransisko sun nuna cikin 1973 cewa sabon kailomaikuron ba ya fitowa daga hanji da isasshen wannan furotin, daga HDL yake aronsa in ya shiga jini, ya kuma mayar masa in ya gama.

Amma abin da ke komawa ga HDL ya zarce abin da aka ara daga gare shi nesa ba kusa ba, kuma hujjar wannan lissafi ce wadda ko ɗalibin hisabi zai iya bi. Idan dunƙulallen abu ya rasa abin cikinsa har ya koma sumunin yadda yake, faɗinsa rabi zai koma, ɓawon da yake bukata kuwa rubu'i ne kacal na wanda ya taso da shi, kashi uku cikin huɗu sun zama rara. Misalinsa kamar ayarin fatake ne da ya taso da kaya niƙi-niƙi, kowane zango ya sauka sai ya sayar da wani abu, kafin ya kai ƙarshen tafiya kaya sun ragu amma buhuna da igiyoyin da aka ɗauro su da su ba su ragu ba, sun zama nauyi ga ayari, sai a bar wa ƙananan 'yan kasuwa da ke biye da shi, waɗanda su kuwa buhun nan shi ne jarinsu. Haka ɓawon kailomaikuron da na VLDL ke yin sako-sako yayin da LPL ke cin abin ciki, ya tattare, ya ɓalle, wani furotin mai jigilar fosfolifid ya kwashe shi ya kai wa HDL. An ga muhimmancin wannan ɗan jigila cikin 1999, da aka samar da ɓerayen da ba su da shi a ɗakin binciken Alan Tall na Jami'ar Kolombiya, HDL ɗinsu ya faɗi ƙasa warwas.

Gwajin da ya fito da al'amarin fili an yi shi cikin 1978, kuma mutum huɗu daga ƙasashe huɗu suka haɗu a kansa: Josef Patsch mutumin Ostiriya, da Antonio Gotto na birnin Houston a Amurka, da Thomas Olivecrona na Umea a Suwidin, wanda ya ƙware wajen tace LPL daga madarar shanu, da Shlomo Eisenberg na asibitin Hadassah a Birnin Ƙudus. Suka zuba VLDL da HDL3 cikin kwalba ɗaya, ba su ga wani canji na a zo a gani ba. Suka ƙara LPL, suka bar su a ɗumin jiki, sannan suka mayar da su na'urar juyi. Sai ga HDL3 ɗin nan ya bar matsayinsa ya taso sama, ya kumbura da fosfolifid da kolestarol da furotin da ya tsinta daga VLDL, ya tsaya daidai inda HDL2 ke tsayawa. Ma'ana dai, rukunonin nan biyu ba dangi biyu ba ne mabambanta asali, hali biyu ne na abu guda, ɗaya kafin ya samu, ɗaya bayan ya samu. A jikin mai rai akwai mataki guda da ke cika aikin: wani inzayim mai suna LCAT, wanda John Glomset na birnin Siyatul ya bayyana matsayinsa cikin 1968, yana ɗaukar sakakken kolestarol da ke ɓawon HDL ya ɗaure shi da yankin maiƙo, shi kuwa da ya ɗauru sai ya ƙi ruwa, ya nutse cikin dunƙulen, ɓawo ya sami gurbin karɓar wani. Da haka ƙaramin HDL ke girma sannu a hankali. Ba a ce wannan ce kaɗai mafarinsa ba, domin hanta da hanji ne ke yin babban furotin ɗinsa, apoA-I, su kuma ɗora masa maiƙonsa na farko. Amma girmansa daga ƙarami zuwa babba ya rataya ƙwarai a kan wannan rarar ɓawo.

Abin da aka gani a kwalba ba ya zama hujja sai an gan shi ga mutane, kuma an gan shi. A shekarar nan ta 1978 Esko Nikkilä da Marja-Riitta Taskinen na Helsinki, a ƙasar Finlan, suka ɗebi ɗan yankin tsoka da na kitse daga jikin 'yan tseren dogon zango, suka tarar LPL ɗinsu ya fi na sauran mutane ƙarfi, HDL ɗinsu kuma ya hau tare da shi. Cikin 1983 Patsch ya shayar da mutane abinci mai maiƙo wanda aka auna, ya bi jininsu sa'a bayan sa'a, ya tarar cewa wanda HDL2 ɗinsa ke da yawa, maiƙon bai cika taruwa a jininsa ba, wanda nasa ya ƙaranta kuwa, maiƙon ya hau sama ya daɗe bai sauka ba. Hujja mafi tsanani ita ce ta waɗanda aka haifa ba su da LPL sam, cuta ce ta gado da ke samun kamar mutum ɗaya cikin miliyan, ko da yake ta fi haka yawa a yankin Saguenay na lardin Kebek a Kanada, saboda mutanen wurin zuriyar 'yan gidaje kaɗan ne. Jininsu fari ne ko sun kwana da yunwa, suna fama da kumburin fankiriyas mai tsananin ciwo tun suna yara, HDL ɗinsu kuwa ɗan kaɗan ne, babban rukuninsa kusan babu.

To, da al'amarin ya tsaya a nan, da sai mu ce jinkirin narkewar maiƙo yana hana HDL girma ne kawai. Amma ɓarnar ta fi haka, domin akwai hanya ta biyu wadda ke rushe wanda ya riga ya girma, kuma ita ce ta fi shafar mutanen zamaninmu. A cikin jinin ɗan Adam akwai wani furotin mai suna CETP, wanda Alex Nichols ya fara ganin alamar aikinsa cikin 1965, aikinsa musaya ne: ya ɗauki ɗaurarren kolestarol daga cikin HDL ya kai wa VLDL ko kailomaikuron, ya ɗauko tiraigiliseraid daga can ya cusa cikin HDL. Idan manyan dunƙulen nan na wucewa da sauri, musayar kaɗan ce. Idan kuwa suka yi cunkoso suka daɗe, sai musaya ta yawaita, HDL2 ya wayi gari cike da tiraigiliseraid a madadin kolestarol. Da ya bi ta hanta, sai wani inzayim na can, ɗan'uwan LPL, ya narkar da wannan tiraigiliseraid da wani sashe na ɓawon, dunƙulen ya tsuke ya koma HDL3 ko abin da bai kai shi ba, furotin apoA-I ya rasa wurin zama ya ɓalle, ya yi ƙanƙanta har ƙoda ta iya tace shi ta rushe shi. Gary Lewis da jama'arsa a Toronto sun nuna wannan ga mutane cikin 1999: HDL da aka cika da tiraigiliseraid, furotin ɗinsa ya fi saurin ɓacewa daga jini. Inzayim biyu ke nan 'yan gida ɗaya, na jijiyoyin tsoka da kitse yana gina HDL2, na hanta yana rage shi, kuma matsayin mutum yana tsakanin rinjayen wannan da wancan. Har bambancin maza da mata yana da rabo a nan, domin sinadarin mata yana sassauta inzayim na hanta, na maza yana zuga shi, shi ya sa HDL ɗin yaro ke sauka in ya balaga, shi ya sa kuma samarin da ke shan magungunan ƙara tsoka irin na sinadarin maza ke zubar da HDL2 ɗinsu cikin 'yan makonni.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa likita ke yawan ganin abubuwa uku tare a takarda ɗaya: tiraigiliseraid sama da miligiram 150 a kowace desilita, HDL ƙasa da 40 ga namiji ko 50 ga mace, da sukari mai neman wuce iyaka. Jikin da ya daina jin kiran insulin yadda ya kamata, kitsen cikinsa yana kwararo maiƙo zuwa hanta ba ƙaƙƙautawa, hanta tana yawaita VLDL, musamman in ana ƙara mata da sukari da lemon kwalba, wanda takan juya shi ya zama kitse. A lokaci guda kuma LPL ya yi rauni. Kaya sun yawaita, mai saukewa ya gaza, musaya ta tsananta, HDL2 ya narke.

A nan ne nake ganin an daɗe ana ɗaukar alama a matsayin sababi. Tun da waɗansu 'yan'uwa biyu, George da Norman Miller, suka rubuta wata maƙala cikin 1975, wani bincike na garin Framingham kuma ya ƙarfafa ta cikin 1977, ya tabbata ba shakka cewa masu ƙarancin HDL sun fi kamuwa da toshewar jijiyoyin zuciya. Daga nan aka yi ƙiyasi cewa in an ɗaga adadin da magani, cutar za ta ragu, aka kuwa zuba dukiya mai yawa a kan wannan ƙiyasi. Kamfanin Pfizer ya yi wani magani mai suna torcetrapib wanda ke toshe CETP, aka gwada shi ga mutum wajen 15,000, HDL ya hau da kashi 72 cikin ɗari, galibi babban rukunin nan da ake so. Amma cikin Disamba 2006 aka tsayar da gwajin, domin waɗanda ke shan maganin sun fi mutuwa. An ce laifin na wannan magani ne shi kaɗai, don yana ɗaga hawan jini, sai aka gwada 'yan'uwansa biyu waɗanda ba su da wannan aibi, aka dakatar da ɗaya cikin 2012, ɗaya cikin 2015, ba su cutar ba, ba su kuma amfanar ba. Na huɗu, anacetrapib, ya ninka HDL ga mutum wajen 30,000, ciwon zuciya ya ragu da kashi 9 cikin ɗari kacal, jumhurin masana kuma suka danganta wannan ga ragin da ya yi wa sauran dunƙulen masu cutarwa. Cikin 2012 Sekar Kathiresan da ɗimbin abokan aiki suka duba mutanen da suka gaji wani canji a ƙwayar halitta wanda ke ɗaga HDL shi kaɗai, ba ya taɓa tiraigiliseraid ko LDL, suka tarar ciwon zuciya bai ragu gare su ba ko kaɗan.

Sai a gwada wannan da halin waɗanda HDL ɗinsu ya hau ta hanyar saurin narkewar maiƙo. Akwai furotin mai suna apoC-III wanda ke taka wa LPL birki. Cikin 2008 Toni Pollin da abokan aikinta suka gano cewa kamar kashi 5 cikin ɗari na jama'ar Amish da ke Lancaster, a jihar Fensilbaniya, rabin wannan furotin kawai jikinsu ke yi. Tiraigiliseraid ɗinsu ƙasa, HDL sama, jijiyoyin zuciyarsu kuma sun fi tsabta. Manyan bincike biyu na 2014, ɗaya a Amurka ɗaya a Denmak, suka ƙiyasta cewa masu irin wannan gado haɗarin ciwon zuciyarsu ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari. A Pakistan ma an sami waɗansu iyalai da ba su da furotin ɗin gaba ɗaya, aka ba su abinci mai maiƙo, jininsu da ƙyar ya nuna sun ci. HDL ya hau a nan, ya hau a can, amma a wuri ɗaya ne kawai lafiya ta biyo baya, wato inda hawan nasa ya zo sakamakon kwashe maiƙo da wuri. Fahimtata ita ce, abin da ke cutar da jijiya shi ne ragowar kailomaikuron da VLDL da ke jinkiri cikin jini, waɗanda CETP ya loda musu kolestarol, suka kuma ƙanƙance har suna iya kutsawa bangon jijiya su maƙale. HDL2 mai yawa kuwa shaida ne cewa irin waɗannan ba sa daɗewa a jikin mai shi. Tiraigiliseraid yana hawa da sauka cikin sa'o'i, furotin na HDL kuwa yana kwana huɗu ko biyar a jini, saboda haka shi ya fi riƙe labarin kwanakin da suka wuce. Wannan matsayi ne mai daraja, ban raina shi ba, amma wanda ya canza shaidar da magani bai canza abin da aka yi shaida a kansa ba.

Game da wane rukuni ya fi amfani a zatinsa, akwai saɓani tsakanin masana har yau. Na farko sun fifita HDL2 saboda shi ke rakiyar lafiya. Na baya, irin su John Chapman da Anatol Kontush na Faris, sun nuna cewa a ɗakin gwaji ƙananan HDL3 ne suka fi ƙwazo wajen janye kolestarol daga ƙwayoyin jiki da kare LDL daga lalacewa, waɗansu bincike na jama'a kuma suka sami kariyar tare da HDL3. Ni ban ga karo tsakanin maganganun biyu ba, tun da ƙaramin shi ne wanda bai ɗauka ba tukuna, babban kuwa wanda ya riga ya ɗauka yana hanyar kai wa hanta. Abin nema shi ne zagayen ya riƙa gudana. A Kofanhegan ma an lura cikin 2017 cewa masu HDL mai yawan gaske sun fi matsakaita mutuwa, abin da ya isa ya rage wa mai babban adadi alfahari.

Mas'alar tana da wata fuska da ta shafe mu kai tsaye. Binciken da aka yi a Amurka da Kanada, ciki har da na Jean-Pierre Després cikin 2000, ya nuna cewa baƙaƙen fata, waɗanda galibin kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, LPL ɗinsu ya fi na Turawa ƙarfi, inzayim na hantarsu kuma ya fi sauƙi, saboda haka tiraigiliseraid ɗinsu yakan zauna ƙasa. Wannan a zahiri alheri ne, amma Anne Sumner, likita a cibiyoyin binciken lafiya na Bethesda, ta ja hankali tun 2005 ga wani haɗari da ke ƙarƙashinsa: baƙin mutum yana iya zama jikinsa ya daina jin insulin, yana dab da ciwon sukari, alhali tiraigiliseraid ɗinsa bai kai 150 ba, sai ma'aunin da aka gina a kan jinin Turawa ya wanke shi, a sallame shi. Wani nazari na 2018 da ya tattara binciken ƙasashen Afirka ya sami ƙarancin HDL ga fiye da sulusin manyan mutane, yawan tiraigiliseraid kuwa ga ƙasa da humusi. Ke nan a wurinmu ƙarancin HDL yakan zo ba tare da abokin tafiyarsa ba, kuma wajibi ne likita ya auna sukari da faɗin ƙugu, kada ya dogara ga kyawun tiraigiliseraid.

Akwai kuma abin lura a binciken da Robert Glew da abokan aikinsa suka buga cikin 2001 a kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos, waɗanda kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake, amma aka sami maiƙon jininsu daidai, jikinsu ba teɓa, suna wuni a ƙafa bayan dabbobi. Binciken bai auna LPL ba, sai dai abin da aka sani game da tsoka ya dace da shi, domin tafiya mai tsawo tana ƙara wannan inzayim a tsoka bayan 'yan sa'o'i, har wanda ya yi ta da yamma, abincin da zai ci washegari ba ya daɗewa a jininsa kamar na wanda ya wuni zaune. Tasirin kuwa gajere ne, in an daina kwana biyu ko uku sai ya gushe.

Galibin asibitocinmu jimillar HDL suke aunawa, ba sa tsaga shi rukuni-rukuni, kuma ban ga hasara a wannan ba, tun da ƙungiyoyin likitocin zuciya ba su sa tsagawar cikin gwajin yau da kullum ba. Abin da ya fi amfani ga mai riƙe da takarda shi ne ya cire adadin HDL daga jimillar kolestarol, abin da ya rage shi ne ke cikin dunƙulen da ke iya maƙalewa a jijiya, LDL da ragowar VLDL duka, kuma wannan lissafi ba ya bukatar a kwana da yunwa. Sharaɗi ɗaya ne ya kamata a kiyaye a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yawaita: zazzaɓi da duk wani kumburi mai tsanani suna danne LPL da LCAT, tiraigiliseraid ya hau, HDL ya faɗi ƙwarai, saboda haka jinin da aka ɗiba cikin jinya ko kwanaki kaɗan bayanta ba ya nuna halin mutum na yau da kullum, sai a dakata 'yan makonni bayan ya warke a sake aunawa.